Mutumin Da Ba A Rubuta Sunansa Ba

Ya ku 'yan makaranta, yau ina so ku ba ni aron hankalinku, mu yi shawara bisa wata tambaya wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tambayar kuwa ita ce: mutumin da ya zo duniya, ya yi sana'arsa shekara saba'in ko tamanin a wani ɗan ƙaramin gari, ya koma ga Ubangijinsa, ba a rubuta sunansa cikin ko wane littafi ba, shin me za mu ce da zamansa na duniya? Ya ci riba, ko kuwa ya wuce ne kamar sawun raƙumi cikin rairayi?

Na san an koya muku sunayen sarakuna. In na ce wa ya fara sarautar Kano, kafin in rufe baki wani ya ɗaga hannu ya ce Bagauda. In na ambaci Muhammadu Rumfa, sai ku ce ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan sarki wanda a ke kira da sunansa har yau. Madalla. To, ga wata. Cikin 1851 wani Bature mutumin Jamus, sunansa Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano. Cikin abin da ya rubuta ya ce babban arzikin Kano tufafi ne, waɗanda a ke saƙawa a rina nan cikin ƙasar, sa'an nan fatake su ɗauka su kai Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Ya ƙiyasta abin da a ke kaiwa Tambutu kaɗai ba ya kasa kayan raƙumi 300 ko wace shekara. Ku tsaya ku auna. Ko wane ƙyalle cikin kayan nan sai da wani ya durƙusa bakin rijiyar baba, ya tsoma shi, ya matse, ya sake tsomawa, rana tana dukan ƙeyarsa. Wane ne cikinku zai faɗa mini sunan marini guda ɗaya na wancan zamani? Littafin tarihinku bai kawo ko ɗaya ba.

Ni dai na san marini guda, ko da ya ke ba na zamanin Abdulkarim ba ne, shi ne kakana, mahaifin ubana. Da labarinsa na ke so mu gwada tambayar nan, gama gani ya kori ji.

Garinmu ɗan ƙarami ne, kudu da birnin Kano, ba nisa da Kura, garin nan da ya yi suna wajen rini har a ke kiran baƙin rawani mai ƙyalli ɗan Kura. Kakana bai san ranar haihuwarsa ba, amma uwarsa ta gaya masa tana goyonsa aka yi yunwar nan da a ke kira Kakalaba, watau 1914 ke nan, shekara uku bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Ya yi karatun allo gwargwadon abin da zai yi salla. Rini kuwa gado ya yi, tun yana ɗan yaro mai ɗebo ruwa da toka.

Ni ɗan fari ne, kun kuwa san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya wasa da shi gaban mutane. Da aka tashi yaye ni sai aka kai ni ɗakin kakata, daga yayen nan kuwa ban koma ba. Abin da kunya ta hana iyayena su nuna mini, tsofaffin nan biyu suka ninka mini. Kakata tana kirana Maigida, shi kuwa da ya hango ni sai ya ce, "Ga ɓarawon nan mai ƙwace mini mata!" Ni kuma in ce, "Tsoho, ai ita ta ce ta gaji da mai furfura." Ya yi ta dariya har ya yi tari. Ban taɓa ganin ya cinye naman da aka sa masa cikin miya ba. Sai ya tura shi gefen akushi, ya ce wai haƙoransa ba su iyawa, alhali kuwa da haƙoran nan ya ke fasa goro.

Da na yi wayo na fara bin sa karofi. Bari in ɗan tsaya nan, domin da yawa cikinku kun sa riga mai baba ba ku san wahalar da ke cikinta ba. Rijiyar rini zurfinta ya fi tsawon mutum biyu, an shafe cikinta da laso don kada ƙasa ta shanye ruwan. A kan cika ta da ruwa, a zuba toka da katsi, watau gurɓin tsohuwar rijiya wanda aka kwashe aka shanya aka toya, kana a zuba busasshen baba. Sa'an nan a yi ta motsawa da doguwar muciya, a rufe, a jira kwanaki har ta ruɓa ta yi kumfa. Warinta kuwa, wanda bai saba ba sai ya toshe hanci. Kakana da hanci da harshe ya ke gane ta nuna. Ya kan ɗiba da yatsa ya ɗanɗana, ya ce, "Tana jin yunwa, ƙaro toka," ko kuwa ya ce, "Ƙyale ta, barci ta ke yi."

Abin da ya fi ba ni mamaki ina yaro shi ne, in aka tsamo farin zane daga rijiya ba shuɗi ya ke fitowa ba, kore-kore ya ke fitowa kamar ɗanyen ganye. Sai an baza shi iska ta buge shi, sa'an nan ka ga yana juyewa a gaban idonka, har ya koma shuɗi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Rijiya ba ta rini, shayarwa kawai ta ke yi. Iska ke rini." Sai da na yi shekaru a makaranta aka koya mini cewa launin baba ba ya narkewa cikin ruwa, sai ruɓar nan da toka sun juya shi ya zama wani abu mai narkewa wanda zai ratsa zare, in kuwa ya gamu da sashen nan na iska da a ke kira oksijin sai ya koma asalinsa, ya maƙale cikin zaren. Malaminmu ya cika allo da rubutu kafin ya kai inda tsohon nan ya kai da magana biyu. Ba don in rage darajar malamin na faɗi haka ba, gama shi ya san dalili, kakana kuwa ya san aiki, ko wanne da rabonsa. Baƙi wuluk irin wanda Buzaye ke so kuwa ba a samunsa da tsomi ɗaya. Sai an tsoma an shanya, an tsoma an shanya, har mai ƙidaya ya gaji, kana a kai mabuga su buga shi da shuni har ya riƙa walƙiya.

Sabo da haka hannuwan kakana, tun daga yatsu har gwiwar hannu, sun rine, farcensa kamar an shafa musu tozali. Ba sabulun da ke fid da shi. Ku riƙe zancen hannuwan nan, za mu komo gare su.

Halinsa na riƙon amana shi ne abin da mutanen garinmu suka fi saninsa da shi. Kun san karin maganar nan, a rina, wai an saci zanen mahaukaciya. Ma'anarta ɓarawon tufa ba ya da mafaka sai marina, gama in an rine zane mai shi ba ya gane shi. To, wata rana wani saurayi ya kawo masa sabuwar farar riga mai aska, ya ce a rina ta yau yau, zai biya ninki biyu. Kakana ya juya rigar, ya dubi wuyanta, ya dubi wuyan saurayin, ya ce, "Ɗana, rigar nan ba a ɗinka ta don kai ba. Je ka zo da wanda ya sayar maka." Saurayin ya fita, bai komo ba. Kuma cikin kakar 1972 wani Buzu daga wajen Agadas, wanda ya saba kawo masa aiki, ya bar rawani uku, ya biya kuɗin rini tun kafin a fara, ya ce zai karɓa in ya komo baɗi. Baɗin nan kuwa ita ce 1973, shekarar babban fari, wadda dabbobin Buzaye suka ƙare, mutanensu suka watsu cikin garuruwa suna neman abin kai wa baka. Bai komo ba. Gidanmu ma a shekarar nan sau ɗaya a ke ɗora tukunya, rawunan nan kuwa da an sayar da su da sun sayi dawa mai auki. Kakata ta yi magana, ubana ya yi magana. Tsoho ya naɗe su cikin tsumma ya sa ƙarƙashin gadonsa, ya ce, "Yunwa ta ci abin da ke namu, ba ta da rabo cikin na wani."

Kada ku ce yabo na zo yi irin na maroƙa. Tuna mutum da ƙarya ai sake binne shi ne, sabo da haka ga aibinsa. Yana da zafin rai, yaran karofi sun sha muciya a gadon baya bisa laifin da bai kai ya kawo ba. 'Ya'yansa mata ko ɗaya bai bari ta yi karatu mai zurfi ba, na allo ko na boko, har yau kuwa gwaggona in ta tuna sai ta yi ajiyar zuciya. Ga shi da taurin kai. Tun 1897 masana a Jamus suka fara sayar da baba na haɗi, wanda ba a gona a ke nomansa ba, sannu a hankali ya iso kasuwanninmu cikin gwangwani, mai araha, mai saurin kamawa. Ga atamfa ta cika kanti, ga masaƙar Kaduna ta fara aiki 1957. Abokan sana'arsa da yawa suka koma haɗawa da na gwangwani, suka sami na tuwo. Shi kuwa ya rantse ba za a zuba shi cikin rijiyar ubansa ba. Rabin wannan gaskiya ce, domin ba ya so ya sayar wa mutum wani abu da sunan wani. Amma rabin girman kai ne, gama da ya iya gaya wa mai saye gaskiya ya rage masa kuɗi. Wadda ta biya bashin girman kan nan kuwa kakata ce, da tasoshinta na aure, ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu sai nawa laifin, wanda ya fi nasa muni. Da farko ya ƙi a sa ni makarantar boko. Amma da ya ga abin ya kama ni, shi ne ya riƙa sayen fitila da kananzir, ya zauna gefena da dare ina karatu yana gyangyaɗi, ba ya gane ko baƙi ɗaya. Na ci jarrabawa aka kai ni makarantar kwana mai nisa, inda na tarad da 'ya'yan hakimai da na ma'aikata. Wata ranar ziyara, muna tsaye gindin bishiya da abokaina, sai ga tsoho ya sauko daga bayan babbar mota, ƙura ta rufe shi, yana riƙe da ƙunshi. Ya hango ni, ya ɗaga hannun nan nasa sama, ya yi kira da ƙarfi, "Ɓarawon mata!" Yara suka fashe da dariya. Wani ɗan hakimi ya ce, "Kai, wane ne wannan mai hannun aljanu?" Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na ji bakina ya ce, "Wani mutumin garinmu ne, aiko shi aka yi."

Ya ji. Na san ya ji, domin ya riga ya iso kusa. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi yaran. Sa'an nan ya sa hannuwansa cikin riga, ya ɗan rusuna kamar yadda talaka ke yi wa ɗan sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga saƙo in ji kakarka. In ka ga jikana cikin makarantar nan, ka ce ina gaishe shi." Ya ajiye ƙunshin, ya juya. Cikin ƙunshin akwai ƙuli-ƙuli da dakuwa da naira biyu, watau fam guda na tsohon kuɗi, na kuwa san tsomi nawa ke cikin fam guda. Da na komo hutu ina jiran faɗa, ko muciya ma. Bai ce kome ba, har ya mutu bai ta da zancen ba. Nama kuwa yana nan gefen akushi kamar kullum. Kai, da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

To, mu koma ga tambayarmu. Na ji amsa iri biyu, ba kuwa wadda ta gamshe ni. Waɗansu sun ce suna shi ne mutum, wanda bai bar suna ba kamar bai zo ba. In haka ne, ashe darajar aiki tana hannun marubuci ke nan, ba hannun mai aikin ba. Da Barth ya ga dama ya rubuta sunan marinin da ya rina rigarsa, da yau kuna haddace shi don jarrabawa. Shin rubutun nan zai ƙara wa rinin kyau? Rashinsa kuma ya rage masa? Alƙalami shaida ne kawai, shaida kuwa ba shi ke yin gaskiya ba, tarad da ita ya ke yi. Rawunan Buzu da suka kwana ƙarƙashin gado cikin shekarar yunwa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, sun kwana.

Waɗansu kuma, masu son sanyaya zuciya, sun ce ai ba kome, mutumin kirki yana nan da rai cikin zukatan jikokinsa. Maganar tana da daɗi, amma ku gwada ta. Wane ne cikinku ya san sunan kakan kakansa? Da ƙyar a sami ɗaya cikin aji, sai fa ɗan sarauta wanda maroƙa ke tuna masa. Jikokina sun san kakana da labari kawai, nasu jikokin kuwa ko labarin ba zai kai gare su ba. Tunawa ita ma koɗewa ta ke yi kamar zane, sai dai ta fi zane jimiri kaɗan. In ladan mutum shi ne a tuna da shi, lalle an biya yawancin 'yan Adam da kuɗin da ba ya daɗewa.

Abin da ni na gani shi ne, mun haɗa abu biyu waɗanda ba ɗaya ba ne, watau a san mutum, da a amfana da shi. Rijiyar da ka sha ruwanta da safe, ka san wanda ya haƙa ta? Rashin sanin nan ya hana ta kashe maka ƙishirwa? Gari ba ya zaunuwa sai da mutanen da za a ba su kaya a juya baya: marini da ba zai musanya zane ba, maƙeri da ba zai ɓoye tsaga cikin gatari ba, magini da ba zai rage ƙasa inda ido ba ya kai ba. Sarki ya iya hukunta ɓarawo in an kama shi, amma ba sarkin da ya isa ya sa dogari bakin ko wace rijiya. Fataken da suka ɗauki kayan raƙumi 300 suka ratsa Sahara sun yi haka ne don masu saye a Tambutu sun amince da rinin Kano, amincin nan kuwa marina dubbai suka tara shi, tsomi bisa tsomi, ko wanne ya zuba nasa ya wuce. Ban ce sarakuna da malamai ba su cancanci a rubuta su ba, sun cancanta. Amma wanda ya karanta tarihinsu ya zaci su kaɗai ne ƙasar, ya yi kamar wanda ya ga kumfa ya ce ita ce rijiyar.

In haka ne, me ya sa za mu wahala da tunawa, tun da mamaci ba ya bukatarta? Domin mu ne mabukata. Yaron da bai san hannun da ya ciyad da shi ba, ko ya sani yana jin kunyarsa, ya kan tashi yana zaton farar riga da teburi su ne mutunci, ranar da aka ba shi amanar baitulmali kuwa ba shi da wani tsoho cikin zuciyarsa da zai ji nauyinsa. Ni na yi aikin ofis shekaru masu yawa, an kuwa sha turo mini ƙunshi ta ƙarƙashin takarda. Ba zan ce muku ban taɓa jin kwaɗayi ba. Amma ba dokar gwamnati ke fara zuwa mini a rai ba, sai in ga tsoho yana juya farar riga yana duban wuyanta. Ku da ke da alƙalami a hannu, in kun koma hutu ku zauna gaban tsofaffinku, ku tambaye su sunan ko wane ƙarfe na sana'arsu, da yadda suka ci shekarun yunwa, da wanda ya koya musu aiki, ku rubuta da kyau da mummuna. Za su yi muku dariya, su ce me za a yi da wannan. Ku dai rubuta.

Ya rasu da damina, yana da shekara kusan tamanin, bayan ƙarfinsa ya kasa ɗaga muciya. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ya yi shekaru rabonsa da rijiya, launin hannun ya koɗe, amma gindin farcen yana nan da sauran shuɗi. Karofin kuwa yanzu an cike rijiyoyin da ƙasa, an gina shaguna a kai, yaran unguwa ba su san dalilin da ya sa a ke kiran wurin Marina ba.

Kwana biyu kafin ya cika ya sa aka kira ni, ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Ya ce, "Ɓarawon mata, ga kayan mutane nan. In ya zo, ko ɗansa, ka ba shi. Ka gaya masa ya riga ya biya." Rawunan suna cikin akwatina har yau. Ko wace shekara in hunturu ya shigo na kan fito da su, in kakkaɓe, in duba ko asu ya taɓa, in mayar. Guda uku ne, kuɗin rininsu fam ɗaya da sule goma, an biya tun 1972.